Sunana a Bakin Akuya

Ku yi min dariya in kun ga dama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni Ruƙayya, da girmana da kwalin digirina na aikin gona, Asabar ɗin nan da ta wuce na zauna a tsakiyar falonmu na unguwar Sabon Pegi a Lafia ina kishi da akuya. Akuyar ma ba mai rai ba, ta zane, irin ta katun ɗin yara. Wallahi har yanzu da nake rubuta muku wannan, in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi zafi.

Bari in fara muku daga tushe don kada ku ce aljanu gare ni. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan Hajja aka sa min, mahaifiyar Babanmu. Kun ga kenan abu biyu ya haɗu a kaina, ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruka. Baba yana ce min Ummi, ƙannena su ce Yaya Ummi, sai a makaranta ne kawai na san cewa ni Ruƙayya ce. Ita kuwa wadda ta haife ni, ko Ummin ba ta taɓa faɗa ba. “Ke.” “Waccan.” In ta yi kirki sosai ta ce “'yar ɗakin Hajja.” Tun daga yaye aka kai ni sashen Hajja, na tashi ina jin 'yan gida suna ce wa uwata Anti, ni ma na bi sahu. Har gobe Anti nake ce mata.

Sai ga Na'ima, mai bi min. Kai, Na'ima! “Na'imata, zo ki ci.” “Na'imata, wa ya taɓa ki?” Budurwa guda har da kwanciya a cinyar uwa ana tsefe mata kai tana danna waya, tana “Mamina” kamar ita kaɗai aka haifa. Kada ku fara ce min kara ce, al'ada ce, na sani. Na ji wannan karatun a bakin Hajja har na haddace. Amma wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar ɗaki yana kallon ana shafa kan ƙanwarsa ba, don Allah ya yi min shiru.

To, sai maganar Sharafaddeen. A makarantarmu ta Shabu muka haɗu, shekarar da zan gama, ya zo ɗaukar bidiyon bikin ɗalibai ya ɓuge da ɗaukata ni kaɗai. Ɗan garin Obi ne, ɗan ƙabilar Alago, yana da ɗan sitidiyo a hanyar Makurdi inda yake ɗaukar biki, yana kuma juya katun zuwa Hausa don yara. Abin dariyar, shi mai juya wa mutane fim zuwa Hausa, tasa Hausar ta kasuwar Lafia ce zalla, mace da namiji duk “shi” ne a wurinsa. A gidansu kuwa, ranar da na je gaida mahaifiyarsa, tun daga bakin titi na jiyo ta tana kwaɗa masa kira da cikakken sunansa, alhali shi ne ɗanta na fari. Ta rungume shi a gabana. Na sunkuyar da kai kamar ni na yi abin kunyar.

Baba bai ƙi shi ba, bai kuma so shi ba. Cewa yake sana'ar wasa ce, kuma ba namu ba ne. Da ƙyar da siɗin goshi Hajja ta sa ya yarda kawunnan Sharafa su zo gaisuwa ranar Juma'a mai zuwa. Kowa a gidan nan ya san mutum ɗaya ce take juya Babanmu, Alhaji Abdulrahaman, da magana guda, ita ce Anti. Lokacin da ya ce Na'ima ba za ta yi makarantar jinya ba, shiga ɗakinsa ta yi, kafin shayinsa ya huce ta fito an gama magana. Amma da Hajja ta tambaye ta ra'ayinta a kan nemana, ina jin ta da kunnena, cewa ta yi, “Ni me nawa a ciki, Hajja? 'Yarku ce.” Ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Ana cikin haka na fara lura da Na'ima. Yau ta tafi wajen tela, gobe ta tafi karɓo littafi, kullum da la'asar, kullum an fesa turare. Rannan tana wanka wayarta ta yi haske a kan gado. Ban taɓa ba, Allah shaida, ido ne kawai ya kai. “Ya Sharafa” aka rubuta, har da 'yar fulawa a gefen sunan.

“Ki zo da wuri yau mu ƙarasa. Kar ki gaya masa fa.”

Masa? Wa? Na tsaya ina lissafi, Baba ko wani saurayin nata? Can sai abin ya faɗo min, ai Sharafa ne mai rubutun. “Masa” ɗin nan ni ce! Na zauna a bakin gado. Na ce shi ke nan, ta cinye uwa ita kaɗai, yanzu kuma ta waiwayo kan abu ɗaya tak da na samu nawa na kaina. Na bar ta ciki na ciki.

Ranar Juma'a da yamma sai ga saƙonsa.

“Gimbiya, gobe zan kawo wa su ƙaninki Ameer sabon fim. Akwai tsarabarki a ciki. Mamanki ma zai ji daɗi.”

“Za TA ji daɗi, malam.”

“Abeg, shi da ita duk ɗaya ne a Lafia. Ki dai yi kwalliya.”

Na yi kwalliyar kuwa, amma ta yaƙi. Na ɗauko atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin doguwar riga, na turara ta da turaren wutan Hajja na 'yan Barno, na murza humra har bayan kunne, na kafa ɗauri. Na fito falo ina taku ɗai-ɗai. Anti na zaune a doguwar kujera, ta ɗago ta dube ni sau ɗaya ta mayar da kai. Na'ima ta fito cikin wata 'yar abaya ruwan hoda da ɗankwali a karkace, nan take aka ce, “Zo nan, Na'imata, haka ake ɗauri kamar mai tallan gyaɗa?” Aka zaunar da ita aka warware aka sake ɗaurawa, har da lakace mata hanci. Ni nawa ɗaurin ko ya faɗo ƙasa ba mai cewa kanzil.

Bayan la'asar ya iso a keke mai ƙafa uku, cikin shadda ruwan toka da hula zanna, da doya manya-manya irin na Obi da kankana. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajja da ke kan dardumarta da carbi, ya gaida Anti, ita kuma ta amsa masa da fara'a har da tambayar mutanen gida. Ameer, autanmu ɗan firamare, ya riga ya shelanta wa unguwa, sai ga 'ya'yan maƙwabcinmu Iorliam sun cika kan kafet. Baba ya shigo daga masallaci, ya ce zai ɗan zauna ya ga abin da yaron nan yake kira sana'a. Sharafa ya soka ɗan filas mai ɗauke da fim ɗin a bayan talabijin.

Fim ɗin labarin wasu awaki ne a wani ƙauye a bakin kogi, uwa da bunsurunta da 'ya'yansu, da wata 'yar baƙa mai rawar kai da suke ce wa Ƙarama. Tana buɗe baki na gane muryar. Na'ima ce, an ɗan siranta ta da na'ura, amma ko a mafarki na san wannan shagwaɓar.

“Lah! Yaya Na'ima ce!” Ameer ya daka tsalle.

Na'ima ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, ta faɗa jikin Anti. Anti ta riƙe haɓa. “Na'imata ce a talabijin? Kai, masha Allah! Ashe telan kenan, ja'ira.” Sharafa ya waiwayo ya kashe min ido, wai ga sirrin ya fito. Ku kuna tsammanin na huce? Ko kaɗan. Ashe duk yammacin nan suna ƙunshe a ɗan ɗakin nan nasa mai soso a bango, kai da kai a gaban makirfo, suna dariya, ni ina gida ina wanke-wanke. Ni ba ni da murya ne? Bebiya ce ni?

Aka ci gaba. Bunsurun nan ga taurin kai, ya ɓata hanya amma ya ƙi tambaya, matarsa na binsa da “Maigida, ba nan ba ne.” Hajja ta nuna shi da carbi ta ce, “Ga Abdulrahaman can an zana shi.” Falo ya kwashe da dariya, har Baba sai da ya cire tabarau ya goge ido. Na saci kallon Sharafa na ga ya sauke ajiyar zuciya. A raina na ce to, ko banza yau Baba ya yi dariya a gabansa.

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Aka yi ruwa a fim ɗin kamar da bakin ƙwarya, kogi ya cika ya kawo, ya yi awon gaba da Ƙarama. Yara suka yi tsit, ƙaramar 'yar Iorliam ta cusa kai a bayan yayanta. Uwar akuyar ta hau kan wani dutse, ruwa na dukanta, ta buɗe baki da iya ƙarfinta.

“Ruƙayya! Ruƙayyaaa!”

“Na'am?” in ji Hajja, ta ɗago tana waige-waige. “Wa ke kirana?”

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Sharafa kuwa sai washe baki yake yana kallona, shi a dole ya yi bajinta, ya sa sunan budurwarsa a fim. Bawan Allah bai taɓa sanin sunan Hajja na yanka ba, ina zai sani tunda ba mai faɗa? Rashin sani ya fi dare duhu.

Baba ya mayar da tabaransa a hankali. “Me akuyar nan ta ce?”

“Ruƙayya ta ce, Baba!” Ameer ya amsa da ƙarfi, shi ga mai taimako.

“Kai! Rufe min baki!”

Akuya kuwa ba ta san ana yi ba, sai ƙara kwaɗawa take. Baba ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya dubi Sharafa daga hula har takalmi. “Sunan mahaifiyata ka rasa inda za ka ajiye sai a bakin dabba?” Bai jira amsa ba ya fice. Sharafa ya yi wuri-wuri da ido, ya rarumi rimot zai kashe, yara suka sa ihu. Hajja ta ɗaga hannu.

“Bar shi, ɗan nan. Rabon da in ji an kira sunan nan da ƙarfi haka tun Innata na da rai.” Ta gyara zama ta ajiye carbin a cinya. “Bar shi in ga ko za ta same ni.”

Haka muka zauna. Uwar nan ta bi gari gari, ta tambayi jaki, ta tambayi kwale-kwale, ko'ina sunan take kira, har muryarta ta dushe. Ni kuwa kowane kira kamar ana zare min wani abu a ciki. Sunana ne fa, a falonmu, a gaban uwata, da muryar uwa, ana ta faɗarsa ba kunya ba kara. Na ji ina ƙyashin 'yar akuyar nan har cikin ɓargona. Ita da ruwa ya tafi da ita an bi ta ana kira, ni da nake zaune a nan kullum ko sau ɗaya. Na riƙa satar kallon Anti. Ta kafe talabijin da ido, leɓenta a datse, ta damƙe gefen zaninta.

A ƙarshe uwar ta iso wata kasuwa, ta hango 'yarta ɗaure a turke ana cinikinta. Murya ta ƙare, sai da raɗa ta iya cewa, “Ruƙayya.” 'Yar ta ɗago kai, da muryar Na'ima, ta ce, “Ga ni, Inna.”

Falon nan ya rikice. Ameer da ke cika baki shi namiji ne ya fashe da kuka har da majina, 'ya'yan Iorliam suka taya shi, babban cikinsu yana cewa a sake mayarwa baya. Hajja na share ido da gefen mayafi tana “Allah sarki, uwa, Allah sarki.” Sai na ji wata irin shessheƙa a gefena. Anti ce. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da mahaifinta ya rasu, ita ce take kuka kafaɗunta na girgiza. Na ɗan matsa, wallahi na matsa, tsakanina da ita bai fi kamu ɗaya ba. Ta miƙo hannu.

Ta jawo kan Na'ima ta kifa a ƙirjinta, ta ƙanƙame ta tana shafa bayanta. Ko inda nake ba ta kalla ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai Sharafa na bina har zaure yana “Ruƙayya, tsaya mana.”

“Kada ka ƙara kiran sunan nan a gidan nan! Bai ishe ka ba?”

“Wallahi ban san sunan Hajja ba ne. Ni don ke na yi, na ce in kin ji za ki yi murna, Mamanki ma in ya ji…”

“Ta ji ai! Ta ji, ta rungume wadda ka ba sunan. Ka ɗauki sunana ka ba Na'ima, ka ɗauki yammacinka ka ba Na'ima, me ya rage? Ka haɗa da sadakin ka kai mata.”

“Haba, wane irin magana ne wannan? Na'ima ƙanina ne.”

“Ƙanwa ake cewa! Je ka koyi Hausa kafin ka ƙara taɓa sunan mutane.”

Na ga maganar ta soke shi, ya sunkuyar da kai. Na bar shi nan tsaye. Garin neman gira ya rasa ido, ni ma kuma ban bar masa ko na ganin hanya ba.

Kafin magariba Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a falonsa, Anti na zuba masa ruwan shayi a kofi, idonta har lokacin jajir. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

“Ummi, ki gaya wa yaron nan kada kawunnansa su wahalar da kansu ranar Juma'a. Wanda bai san girman sunan uwa ba, ban ga yadda zai san girman 'yar mutane ba. Tashi ki je.”

Ban tashi ba. Anti na kalla. Na kafe ta da ido ina roƙonta a zuci, ki ce wani abu, ko tari ne ki yi. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ni na sani, ita ma ta sani. Ta rufe filas ɗin shayin, ta goge ɗigon da ya zuba a tire, ta leƙa waje ta ce, “Na'ima, a kwashe kofunan falo kafin ƙudaje su taru.”

A ɗaki na tarar da Na'imar tana cire 'yan kunne. Ta ce, “Yaya Ummi, ki yi haƙuri, shi ya ce kada in faɗa miki don…”

“Don me? Ke dai komai naki ne. Ki ji daɗinki, 'yar gaban goshi.”

“Ni me na yi? Ni fa matse ni ta yi har wuyana na ciwo, ban ma san kukan me take ba.”

“Kukan daɗi take, 'yarta ta fito a talabijin.”

Ta buɗe baki za ta ƙara magana na juya mata baya. Wayata sai haske take. “Gimbiya ka yafe min.” “Zan zo in durƙusa wa Baba, zan goge fim ɗin gaba ɗaya.” “Ka ɗauka mana, abeg.” Na rubuta masa, “Baba ya ce kada mutanenka su zo. Ka je ka nemi mai muryar, ita tana da uwar da za ta tsaya mata.” Na tura na kashe wayar. Ina sane ba shi ne ya yi min laifin da ya fi ciwo ba, amma shi ne wanda zan iya yi wa tsawa.

Washegari Lahadi na tashi da shawarata a hannu. Zan tafi Adogi wurin ƙanwar Baba in yi kwana biyu, in bar musu gidansu su sha iska. Na zuba kaya a jaka, na saka hijabi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Hantsi ya ɗaga, Baba na ɗakinsa yana sauraron rediyo, Ameer ya tafi islamiyya, Na'ima na baccin asara. Na nufi kicin ɗin baya don in sallami Anti, ba don ina tsammanin za ta ce kada in tafi ba. Na san abin da za ta ce, “A gaida su.”

Tun kafin in kai ƙofa na jiyo ƙarar ruwan sama da kukan akuya. Na ja na tsaya. Na leƙa ta jikin labulen buhu. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno ta ba ƙofa baya, doyar da Sharafa ya kawo a gabanta tana feraya, ga wayar Na'ima an jingina ta da turmi. Fim ɗin ne. Daidai wurin dutsen nan. Uwar ta kira, ta kira, wurin ya wuce. Anti ta ajiye wuƙa, ta goge yatsa a zani, ta ja abin baya da ƙyar irin na wanda bai saba ba, ta zarce, ta dawo, har ta samo wurin. Ta ƙara ƙarar wayar har ƙarshe.

Raina ya ƙara ɓaci. Na ce wato ko a kicin ma muryar Na'imarta take nema. Amma sai na lura, a wurin nan babu Na'ima ko kaɗan, ruwa ya riga ya tafi da 'yar. Uwar ce kaɗai a kan dutse. Ta sake ja baya, ta sake. Kowane karo kanta na ɗan motsawa tare da kiran.

Wayar Na'ima kullum ba caji, wannan duk gidan an sani. Uwar akuyar ta ja numfashi za ta kwaɗa kiran, fuskar wayar ta yi baƙi ɗif. Kicin ya yi tsit, sai murya ɗaya da ta rage a fili, ba ta san an janye mata mayafi ba.

“Ruƙayya… Ruƙayyata.”

A hankali ta faɗa, muryar na rawa, kamar mai taɓa abin da aka hana ta. Ashe tun ɗazu tare suke kira, ta ɓoye tata muryar a ƙarƙashin ta akuyar. Jakata ta suɓuce ta faɗi. Wata zuciyar ta ce koma da baya, kada ki kunyata ta, ki yi mata karar da ta yi shekara da shekaru tana yi. Amma bakina ya riga ni.

“Ga ni, Mama.”

Bayanta ya sandare. Ba ta juyo ba. Hannunta na nan a kan doyar. Sannan ta ja hanci, ta sa gefen ɗankwali ta goge fuska, ta miƙe tana kakkaɓe ɓawon doya daga zaninta.

“Ke, tun yaushe kike laɓe a nan kamar munafuka?” Har yanzu ba ta haɗa ido da ni ba. Ta dubi jakar da ke ƙasa, ta dubi hijabina. “Mayar da wannan ɗaki. Ungo wuƙa, ki ƙarasa min feraya, kada ki cinye doyar mutane da ɓawo.”

Da ta zo miƙo min wuƙar, sai ta haɗa da hannuna ta damƙe, ta matse har sai da na ji zafi, kamar yadda Na'ima ta ce. Ta saki. Ta wanke hannu a baho, ta zari mayafinta daga kan igiya ta yafa, ta ratsa tsakar gida ta nufi sashen Baba. Ni da wuƙa a hannu na bi ta a baya kamar raƙumi da akala, na tsaya a gindin mangwaro.

Ta yi sallama. Na ji an rage rediyo.

“Alhaji, magana nake so mu yi a kan 'yata.”

“Me kuma ya sami Na'imar?”

Ta damƙe gefen labule.

“Ba ita ba,” in ji Mama. “Ta farin.”

Ta shiga ta turo ƙofa.